Feda Mai Kama Takalmi da Lafiyar Gwiwa

Manomin da ya ɗaura buhun masara a bayan kekensa Phoenix daga Kiru zuwa Kwanar Ɗangora ba ruwansa da yadda ƙafarsa ke zama a kan feda. Da silifas yake tuƙi, ƙafar na karkata yadda ta so, in hanya ta ɓaci ya dire ta ƙasa. Amma a cikin kekunan tsere na gwanjo akan samu masu wata 'yar feda da ba ta takuwa da takalmin gida. Tana da nata takalmin, mai maƙalli a ƙarƙashi, wanda ke shiga cikin fedar ya kulle. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a 1984, kuma da ita Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France a 1985. Shimano na Japan ya fito da tasa, SPD, a 1990.

Amfaninta a fili yake: ƙafa ba ta zamewa, ƙarfi ba ya tafiya a banza. Matsalar tana wajen gwiwa. Duk zagayen feda, ƙafar mutum takan ɗan murɗa, diddige ya leƙa ciki ko waje, kuma kowa da irin tasa murɗar. In aka ɗaure ƙafar tam, murɗar ba ta ɓacewa, gwiwa ce za ta ɗauke ta, sau dubbai a tafiya guda. Shi ya sa ake barin maƙallin ya riƙa ɗan wasa a cikin fedar ba tare da ya fita ba.

Da digiri ake auna wannan wasa. Digiri 6 shi ne tafiyar dogon hannun agogo a minti ɗaya, ka ga ba wani abu ba ne mai yawa, amma gwiwa ta san da shi. A maƙallan Look Keo, baƙi ba ya wasa sam, mai ruwan toka digiri 4.5, ja digiri 9. A SPD-SL na Shimano kuwa ja ne marar wasa, shuɗi digiri 2, rawaya digiri 6. A lura: jan Look da jan Shimano kishiyoyin juna ne, don haka sayen maƙalli da launi kawai ganganci ne. Marar wasa na gwanayen da aka auna wa ƙafa ne. Sabon shiga ba shi da dalilin zuwa wurin.

Abu na biyu shi ne nisan da za ka murɗa diddige waje kafin fedar ta sake ka. Fedar Crankbrothers, alal misali, tana saki a digiri 15 ko 20, ya danganta da wane maƙalli ka ɗaura a takalmin dama. Wannan daban yake da taurin sifirin, wanda a fedar Shimano ake sassautawa da ɗan noti. A shimfiɗaɗɗen titi wajen Bebeji ko Tiga, saki mai nisa ba ya damun kowa. Amma wanda ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya nufi duwatsun Riruwai a Doguwa, inda hawa kan tsayar da keke ba shiri, yana bukatar fedar da za ta sake shi nan take, in ba haka ba ya kife da shi da keken.

A hanyoyin karkara na wannan yanki, SPD mai noti biyu ta fi dacewa: maƙallinta ƙarfe ne, a nutse yake cikin takalmin, ana iya tafiya a ƙasa da shi. Na roba mai noti uku, irin na Look Keo da SPD-SL, burji na cinye shi, laka ta damina ta toshe shi, kuma in ya cinye yakan saki ƙafa a lokacin da ba a nema ba. Mai farawa ya sassauta sifirin har ƙarshe, ya dafa bango ya yi ta kullewa da cirewa da kowace ƙafa kafin ya hau titi.