Sha'ir Ya Nuna, Shekara Ta Kama

Manomin Tudun Wada ko Doguwa ba ya bukatar takarda kafin ya san kaka ta yi. Zangarniyar gero ce take faɗa masa. Haka Isra'ilawa na dā suke gane sabuwar shekara, amma su da sha'ir, wani hatsi ɗan'uwan alkama wanda yakan riga ta nuna.

Sunan watansu na fari Abib, wato ɗanyar zangarniya da ta fara ƙosawa (Fitowa 13:4). Yakan faɗo wajen Maris ko Afrilu, lokacin da masu noman rani da ruwan Tiga suke girbin alkama.

Ga inda wuyar take. Wata 12 kwana 354 ne, shekarar rana kuwa 365. Shi ya sa azumin maƙwabtanmu Musulmi yake zagaya damina da rani. Amma Idin Ƙetarewa ba shi da halin zagayawa, gama dole a kai wa firist damin sha'ir na fari. Kafin haka ba mai ɗanɗana sabon hatsi (Firistoci 23:10-14). Saboda haka in shugabanni suka ga sha'ir bai kai ba, sai su ƙara wata na 13.

Daga baya Yahudawa suka koma ga lissafi, suna ƙara wata sau 7 cikin shekara 19.

Manzo Bulus ya kira Almasihu nunan fari, gama a kwanakin idin nan ya tashi daga matattu. Allah ya ba mu nasa na fari. Ɗan'uwa, damin farko na gonarka fa, wa kake ba?