Cinikin Baki a Gaban Alƙali

Kaso mai yawa na cinikin da ake ƙullawa a manyan kasuwannin Kano, irin su Kantin Kwari da Singa da Dawanau, yana tafiya ne a kan amana, ta yadda za a ɗora wa mutum kayan miliyoyin naira a mota bisa alkawarin zai biya in ya sayar, ba tare da ya sa hannu a ko'ina ba. Wannan ɗabi'a abar alfahari ce, domin ita ta ɗaga dubban yaran shago har suka tsaya da ƙafafunsu, amma ranar da saɓani ya kai gaban alƙali, abin da za a nema shi ne hujja, wato shaida ko rubutun da zai tabbatar da da'awar mai ƙara. A nan ne littafin bashin shago yake kunyata mai shi, idan aka buɗe aka tarar an rubuta sunan mutum da dila biyu na atamfa kawai, babu kwanan wata, babu farashi, babu ranar biya, balle sa hannun wanda ya karɓa.

Dokar Najeriya tana amincewa da yarjejeniyar baki a yawancin harkokin saye da sayarwa, sai dai nauyin tabbatar da ita yana kan wanda ya kawo ƙara, kuma haka ƙa'idar take a kotun shari'ar Musulunci, inda ake komawa ga rantsuwar wanda ake ƙara idan mai da'awa ya gaza kawo shaidu. Abin takaici ne a ce ɗan kasuwa yana jin kunyar neman rubutu don kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. Dokar Shaida ta 2011 ma ta sauƙaƙa lamarin, domin ta ba kotu damar karɓar bayanan na'ura, kamar saƙon WhatsApp da bayanin tura kuɗi ta banki, muddin an cika sharuɗɗan gabatar da su.

Rigimar da ta fi ɗaci ita ce ta haɗin gwiwa, musamman irin wadda malaman Malikiyya ke kira ƙiradi, wato wani ya ba da jari, wani kuma ya juya shi, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, kamar rabi ko sulusi. Hukuncinsa shi ne asara tana faɗawa kan dukiyar mai jari, shi kuma mai juyawa ya yi asarar wahalarsa, sai fa idan an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Masu jari da yawa ba su san wannan ba sai bayan kaya sun karye, sa'annan su ce ai rance suka bayar, ɗayan kuma ya rantse jari ne, kuma takarda mai layi biyar da ta faɗi wanne ne daga cikin biyun ta isa ta hana zumuncin shekara ashirin lalacewa. Haka batun yake tsakanin uban gida da yaronsa, idan ba a faɗi tun farko shekara nawa zai yi da abin da za a sallame shi da shi ba.

Wata shawarar da lauya zai bayar tun kafin a fara kasuwanci ita ce ta irin rajistar da ta dace a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka fi sani da CAC. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne a idon doka, don haka masu bin bashi suna iya bin dukiyarsa ta kansa, amma kamfani mai iyakantaccen alhaki yana tsayawa ne kamar mutum mai zaman kansa, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa shi.

Idan rigima ta riga ta ɓarke, kuskuren da aka saba gani shi ne garzayawa caji ofis don a kulle wanda ake bi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha ɗora wa wanda ya sa aka yi kamen diyyar take haƙƙi, sai mai bin bashi ya koma shi ake bi. Lamarin yakan bambanta ne idan akwai damfara, ko an ba da cekin da babu kuɗi a asusunsa, wanda wata doka ta 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara 2.

Hanyar da ta fi rahusa ita ce sulhu, ko a gaban shugabannin kasuwa waɗanda suka san al'adar sana'ar, ko a cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, kamar yadda ake da ita a Legas da Kano, kuma dokar sasanci ta 2023 ta ƙara wa irin wannan matsaya ƙarfi idan an rubuta ta an sa hannu. In sulhu ya ƙi, akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018 da iyakar naira miliyan 5 da burin gama shari'a cikin kwana 60, Kano kuma ta bi sahu, inda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Sai dai kawaici yana da iyaka a dokar ƙasa, domin a jihohi da dama bashin da ya wuce shekara 6 ba a kai shi kotu ba ya fita daga hannun alƙali, sai idan wanda ake bi ya biya wani abu daga ciki, ko ya amsa a rubuce cewa ana bin sa, wanda hakan ke sa a soma ƙirga wa'adin daga farko.