Suna Linzami: Darasi Daga Kwandon Tumatirin Kadawa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya sauya rayuwar mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam. Sai dai ruwan da ya kawo yalwa ya zo da wata matsala da masana tattalin arziki suka daɗe da sani, wato kaya su zama gama-gari, ta yadda mai saye ba ya ganin bambanci tsakanin na wane da na wane sai a farashi.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina a kasuwar Kwanar Gafan shi ne rashin suna. Ana kiran tumatir da sunan irinsa, a ce UTC ko Roma, amma ba a jin sunan manomi ko na gonarsa. Ruwa ɗaya aka sha, iri ɗaya aka shuka, kuma lokaci ɗaya aka tsinka. Idan kaka ta kama daga Janairu zuwa Afrilu, kwanduna kan cika kasuwa, kayan kuma ba sa jure ajiya. Dillalin da zai loda mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya san cewa in wannan ya ƙi sallamawa, na kusa da shi zai sallama. A irin wannan ciniki, ƙarfi yana hannun mai saye.

An sa rai masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka gina domin sarrafa tan 1,200 a kullum, za ta warware matsalar. Amma a shekarar ce tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, farashi ya yi tashin gwauron zabi, manoma suka karkata ga kasuwa, aiki ya tsaya. Akwai kuma wani ƙalubale mai zurfi: markaɗaɗɗen tumatir na cikin duro shi ma kayan gama-gari ne a duniya, kuma ƙasar Sin tana sayar da shi da araha. Shi ya sa a 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin shigo da shi zuwa kashi 50 cikin ɗari. Haraji kuwa rumfa ce ta aro, wata gwamnatin tana iya kwashe ta.

To, ina mafita? A ganina, manomi ba zai ci riba ta hanyar karya farashi ba, domin kowa ya iya wannan. Fifikon da ke ɗorewa yana wurare uku. Na farko lokaci: wanda ya jera shukarsa daki-daki, ko ya shanya kauɗa mai tsabta ya ajiye har damina, ya fita daga cunkoson kaka. Na biyu inganci: a ware manya daga ƙanana, a sa a akwatin roba maimakon kwandon da ke matse kaya a hanya. Na uku suna. Masu casar shinkafa a Kano sun nuna hanya: da aka tsince tsakuwa, aka zuba a buhu mai tambari, sai mai saye ya fara tambayar suna kafin farashi.

Manomi ɗaya ba zai iya wannan ba, amma ƙungiyar manoman da ke shan ruwa a magudana ɗaya za ta iya. Hausawa sun ce suna linzami ne. Lokaci ya yi da manoman Kadawa za su riƙe nasu linzamin. Allah ya sa mu dace.