Daga Ƙofar Dukawuya Zuwa Cikin Waya: Yadda Ɗalibi Zai Fara Ƙera Manhaja

Ƙofar Dukawuya tana tsakanin Gadon Ƙaya da Kabuga a jikin ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Dab da ita a wajen badala tsohuwar harabar Jami'ar Bayero take. Ɗaliban da ke ratsa wannan wuri safe da yamma, da wuya a sami wanda ba ya riƙe da wayar salula, alhali kuwa sai a watan Agusta na 2001 ne layin salula na GSM ya fara aiki a Nijeriya. Abin lura shi ne, kusan dukkan manhajojin da ke cikin waɗannan wayoyi wasu ne suka ƙera su a wata uwa duniya, don biyan bukatun mutanensu. Ɗan Dukawuya sai dai ya sauke ya yi amfani.

Manhaja dai ba wani abu ba ne illa jerin umarni da mutum ya tsara wa na'ura: idan an taɓa nan, yi kaza, idan an rubuta kaza, nuna kaza. Manyan tsare-tsaren waya biyu ne, wato na iPhone wanda ya fito a 2007, da Android wanda wayarsa ta farko ta shiga kasuwa a 2008. Ga mai koyo a Kano zaɓin ba shi da wuya. Yawancin wayoyin da ake saye a kasuwar Farm Centre, irin su Tecno da Itel da Infinix, Android ne. Ga shi kuma kamfanin Apple yana karɓar dala 99 kowace shekara daga mai son baje manhajarsa, shi kuwa Google dala 25 yake karɓa sau ɗaya tak.

Ƙwararru suna aiki da Android Studio da harshen Kotlin, wanda Google ya amince da shi a 2017, ko kuma Flutter da ya kammalu a 2018. Amma waɗannan suna bukatar kwamfuta mai ƙarfin ƙwaƙwalwa na aƙalla gigabait 8, kuma wanda ya faro daga nan sau da yawa yakan gaji tun bai ga komai a fuskar waya ba. Mafari mafi dacewa shi ne App Inventor, wanda Google ya fitar a 2010, daga bisani ya koma hannun jami'ar MIT ta Amurka ƙarƙashin Farfesa Hal Abelson. Kyauta ne, kuma a cikin intanet ake buɗe shi. Yana da ɗakuna biyu. A na farko ɗalibi zai jera abin da ido zai gani, kamar maɓalli da hoto da gurbin rubutu. A na biyu zai harhaɗa umarni, waɗanda aka yi su da siffar tubala masu launi. Tubalin da bai dace da ɗan'uwansa ba ba zai shiga ba, don haka kuskuren rubutu ba ya tasowa. Da ya haɗa wayarsa da kwamfutar, duk abin da ya sauya nan take zai bayyana a hannunsa.

Kada a raina wannan kayan aiki. A 2018 wasu 'yan mata biyar daga makarantar sakandaren Regina Pacis ta Onitsha sun ci lambar zinariya ta rukunin ƙanana a gasar Technovation a Amurka, da manhajar da suka ƙera don gano jabun magunguna.

Sai dai babbar tambaya ba ta kayan aiki ba ce, ta abin da za a ƙera ce. Mafi yawan masu farawa sukan ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu, wai za su yi wadda za ta kara da WhatsApp, bayan mako biyu a neme su a rasa. Gara a duba abin da ke kusa. Alal misali, yaran birni da dama a yau ba sa iya bambance ɗorawa da tsamiya idan babu 'ya'ya a jikinsu, kuma sunayen itatuwa suna gushewa tare da dattawan da suka san su. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, amma ɗalibai nawa ne suka taɓa ganin sa? Aji guda na sakandare zai iya zagaya Dukawuya da harabar jami'a, ya ɗauki hoton ganye da ɓawo da fure na itatuwa ashirin, ya rubuta sunan Hausa da na kimiyya: kuka ita ce Adansonia digitata, ɗorawa Parkia biglobosa, darbejiya Azadirachta indica. Fuska biyu sun ishi wannan manhaja, ɗaya ta jerin sunaye, ɗaya ta hoto da bayani. Malamin nazarin halittu kuma ya sami darasin rarrabe tsirrai wanda ba a kan allo ya tsaya ba.

A nan ne ɗalibi zai ci karo da matsalar da babu littafin Turanci da zai faɗa masa. Ɗorawa da ƙirya da ɓaure duk da harafi mai lanƙwasa suka fara, amma mutane ƙalilan ne ke rubuta lanƙwasa a waya. Ita na'ura ba ta san cewa "d" da "ɗ" dangi ne ba. A wurinta lambobi ne biyu mabambanta. Saboda haka wanda ya rubuta "dorawa" a gurbin bincike, manhajar za ta ce babu. Maganin abin shi ne a sa tubalin musanya rubutu, ya mayar da ɗ da ƙ da ɓ zuwa d da k da b a ɓoye kafin a gwama kalmomin, amma a bar sunan da za a nuna wa mai karatu da lanƙwasarsa daidai ƙa'ida.

Haka nan dole a yi la'akari da tsadar data da ƙarancin wuri a wayoyin talakawa. A rage girman hotuna, a ajiye bayanan a cikin manhajar kanta yadda za ta yi aiki ko babu intanet. Idan an gama, App Inventor zai dunƙule aikin ya zama fayil guda mai suna APK, wanda za a iya tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da biyan ko kwabo ba.

Gwaji na ƙarshe ba a wayar mai ƙira ake yin sa ba. A nemi tsohuwar waya mai ƙaramar fuska, a miƙa wa wanda bai san aikin ba, kamar mai sayar da itace ko mai maganin gargajiya na unguwa, a yi shiru a kalli inda yatsansa zai tsaya yana dabur-dabur. Wurin ne ke bukatar gyara. Irin waɗannan mutane kuma su ne za su fara cewa hoton da aka sa wa ƙirya ba nata ba ne.