Fage da Dandamali: Matsayin Naƙasasshen Mawaƙi a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Ƙasar Zamfara ta daɗe da yin suna wajen kiɗa da waƙa. Daga cikinta aka sami Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, da kuma Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Manazarta sun yi rubuce-rubuce a kan waƙoƙinsu, amma ba a cika kula da wurin da ake yin waƙar ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta duba wannan wuri, watau fage, ta ga yadda yake karɓar makaho da gurgu da tsoho idan su ne masu wasan.

Fagen Gargajiya

A al'adance fagen makaɗi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Ko a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Gusau ne, ko ta 'Yandoton Tsafe, ko ta Sarkin Fulanin Bunguɗu, ko a dandali, ko a bakin kasuwa, jama'a kan yi da'ira, mai wasa ya shiga tsakiya. Babu matakala, babu ƙofar da za a matse. Makaɗan fada ma sau da yawa a zaune suke kiɗa gaban ubangidansu, saboda haka tsufa bai cika raba mutum da sana'arsa ba. Makaho kuwa ɗan jagoransa kan kawo shi, ya kuma zame masa ɗan amshi. Ta wannan hanya ce Waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, suka bazu a kasuwanni da tashoshin ƙasar Hausa ta bakin makafi.

Sai dai fagen nan bai rasa aibi ba. Ya bai wa makaho wurin tsayawa, amma bai ba shi matsayin makaɗi ba. Abin da aka miƙa wa makaɗin fada kyauta ake kiransa, na makaho kuwa sadaka, kome daɗin muryarsa. Waƙarsa a ajin bara aka sa ta.

Dandamalin Zamani

Da bukukuwa suka koma cikin zaurukan taro da otal-otal, musamman bayan Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, sai aka ɗaga mai wasa bisa dandamali. An yi haka ne don 'yan kallo su gan shi, amma sai aka manta da yadda zai hau. Gurgu mai keke sai an ɗauke shi cak a gaban jama'a, abin da yake zubar da mutunci tun kafin a fara waƙa. Makaho kuma yana tsakanin wayoyin lasifika da bakin dandamalin da ba shi da alama. Ashe ke nan an ƙwace masa ƙasar da gargajiya ta ba shi, ba a kuwa ba shi matsayin da ta hana shi ba.

Doka da Gyara

 A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Zauren wasa yana cikin irin waɗannan gine-gine, kuma dandamali ɓangare ne na zauren.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Ana bukatar hanya mai gangare a gefen matakala, wadda magina suka san ma'auninta: kowace ƙafa 1 ta tsayi a ba ta ƙafa 12 na tsawo. A ɗaure wayoyi a gefe, a sa katako a bakin dandamali yadda sanda za ta taɓa shi, a tanadi makirufon da ake saukarwa ga na zaune, a kuma ƙidaya ɗan jagora cikin ƙungiya. Inda babu halin haka, a koma wa hikimar iyaye, a shimfiɗa fagen a ƙasa.

Bayan hanya sai matsayi. A gayyaci naƙasasshen mawaƙi da sunansa, a yi jinga da shi kamar kowa. Amadu da Maryam na ƙasar Mali, makafi ne da suka haɗu a makarantar makafi ta Bamako, sun zaga duniya da waƙa domin an ɗauke su mawaƙa, ba mabarata ba.

Kammalawa

An ga yadda fagen da ya buɗe hanya ya rage daraja, dandamalin yanzu kuwa ya toshe hanyar. Zamani ya riga ya tafi da fasihai da dama ba a ɗauki muryarsu ba. Idan fagen Gusau da Tsafe da Bunguɗu bai haɗa hanya da daraja ba, waƙar da ke bakin na yanzu za ta bi su kabari.