Magidanci Da Gudu Bayan Asuba: Ina Abin Kunyar Yake?

A Gwarzo da Kabo, idan aka hangi magidanci ɗan shekara arba'in yana sheƙa gudu da sassafe, tambayar farko ita ce: "Malam, lafiya?" A wurinmu babba ba ya gudu sai an biyo shi, ko gobara ta tashi. Wannan kunya ta zaunar da mutane da yawa, mu ma tana cikin abin da ya zaunar da mu shekaru, har ranar da muka gama sa'ayi tsakanin Safa da Marwa muna haki, muna neman bangon da za mu jingina. Zagaye bakwai ɗin nan bai wuce kilomita uku da 'yan kai ba.

Iyayenmu ba su san wannan matsala ba. Da ƙafa suke zuwa kasuwar Getso, da ƙafa suke zuwa gona, su wuni da fartanya. Mu kuwa babur ya shiga tsakaninmu da ƙasa, har masallacin bayan layi sai an tayar da shi. Shayi mai sukari da safe, zaman shago ko ofis da rana, tuwo mai nauyi da dare, sai kwanciya. Duk limamin da ke zagayen gaida marasa lafiya ya san yadda hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki suke ta cin mutanen da ba su ko fara furfura sosai ba. Ajali na Allah ne, babu jayayya. Amma jiki amana ne, kuma akwai tambaya a kan amana.

To, wa ya ce gudu yana zubar da girma? Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) a wata tafiya, ta wuce shi. Bayan shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya wuce ta, ya yi mata raha cewa ya rama. A Sahihu Muslim akwai labarin Salama bn Akwa'i (RA), wanda ya bi maharan da suka kore raƙuman Annabi da ƙafa, sannan a hanyar dawowa Madina ya nemi izini ya yi tsere da wani Ba'ansare, aka ba shi, ya kuma riga shi. Ita kanta ibadar Hajji akwai sassarfa a cikinta: zagaye uku na farkon ɗawafin isowa, da tsakanin korayen fitilu a sa'ayi, ga maza. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba su da takardar izini. Mai tara kuɗin kujera ya kamata ya tara numfashi tare da su.

Tseren da ake kira maraton tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne, wato ya zarce rabin tafiyar Gwarzo zuwa birnin Kano. Abebe Bikila na Habasha ya lashe shi a Rum a 1960 babu ko takalmi. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Sifan Hassan ta ci na mata, ta kuma karɓi lambarta sanye da hijabi. A nan gida ana yin na Legas tun 2016. Ba muna cewa kowa ya nufi can ba ne. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema ga baligi shi ne minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Minti talatin sau biyar ke nan, ƙasa da abin da muke ɓatarwa a teburin mai shayi.

Wanda ya haura arba'in ya fara da awon jini da na sukari a asibiti, musamman in yana jin ciwon ƙirji ko jiri. Daga nan tafiya ce zalla, mako uku ko huɗu. Sai ya riƙa sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, kwana uku a mako, da hutun kwana a tsakani, domin zuciya tana saurin sabawa amma gwiwa da agara suna jinkiri. A nan ne yawancin masu zumuɗi suke karyewa: su yi kilomita biyar ranar farko, su kwana uku suna sallah a zaune, su ce abin ba na manya ba ne. Ma'aunin da muke ba ɗalibanmu shi ne, in ba ka iya furta tasbihi cikakke kana gudu, ka yi sauri da yawa. Mai burin maraton kuwa sai ya saba da kilomita goma tukuna, sannan ya ba shirin wata huɗu zuwa biyar, yana ƙara tsawon gudu ɗaya a mako kaɗan-kaɗan.

Hanyoyin gona sun fi kwaltar Kano zuwa Gwarzo sauƙi ga gwiwa da aminci ga rai. Wanda dole ta sa ya hau titi, ya fuskanci motocin da ke tahowa. A zafin Maris da Afrilu kada rana ta ɗago yana waje. A ƙurar hunturu mai asma ya yi hattara. Da azumi a rage, a mayar bayan shan ruwa ko bayan asham.

Sharuɗɗan shari'a ba su da yawa. Namiji ya rufe tsakanin cibiya da gwiwa. Gajeren wandon 'yan wasa ba dole ba ne, dogon wando mara nauyi ya wadatar. Mata su yi cikin sutura, a tsakar gida ko harabar makaranta, su da su, kuma mazan da suka hana su su tuna da hadisin Nana A'isha. Batun kyauta kuma, malamanmu na Malikiyya sun keɓe tseren da ake sa lada da dawaki da raƙuma da harbi, suka halatta na ƙafa idan babu kuɗin da 'yan tsere suka ɗora. Idan masu tsere suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce. Kyautar da wani na gefe ya bayar kuwa, malaman zamani da dama ba su ga laifinta ba.

Mu dai yanzu mu shida ne muke fita bayan azkar ɗin safe, har da ladaninmu, wanda ya girme mu duka. Har yanzu masu kai kaya kasuwa sukan rage gudun babur su tambaye mu ko lafiya.