Mai Miya da Mai Tuwo: Amfilifaya Ɗaya ko Biyu?

A gidan mutum biyar ko shida a unguwar Hanwa, mace ɗaya ce ke haɗa miya, ita ce kuma ke tuƙa tuwo, duk a madafi ɗaya, kuma kowa ya ci ya ƙoshi. Sai ranar biki ko suna ake raba aikin. A kafa murhun duwatsu a tsakar gida, masu ƙarfin damtse su kama muciya, gwanar miya kuwa a keɓe mata wuri nesa da hayaƙi, ta auna gishiri da daddawa a natse.

Kayan sautin gida ma haka suke. Kowace amfilifaya aiki biyu take yi. Na farko na firi-amf ne, wato mai miya: shi ke zaɓar inda sauti zai fito, ko waya ko talabijin ko faifai, ya daidaita ƙara, ya gyara kauri da siranta. Abin da yake sarrafawa ɗan mitsitsi ne. Allurar garmaho ba ta ba da abin da ya wuce kimanin milibolt 5, na'urar CD kuwa bolt 2. Aiki na biyu na fawa ne, mai tuwo: ƙarfi zalla, da babbar tiransifoma da zafi, don ta iya tura lasifika mai om 8 ko 4. Idan akwati ɗaya ya ɗauki aikin biyu, wannan ita ce haɗaɗɗiya. Idan aka raba su gida biyu aka haɗa da waya, shi ne abin da masu sha'awar sauti ke kwaɗayi.

Kwaɗayin nasu yana da hujja. Tiransifoma tana da nata hayaƙin, wani gurnani da ke bin bugun wutar lantarki, sau 50 a daƙiƙa a nan Najeriya. Idan ya shiga sautin tun yana ƙarami, fawa za ta ƙara shi tare da kiɗan, ka riƙa jin zuuu a ƙarƙashin kuntigin Ɗan Maraya Jos. Raba akwatin yana nesanta babbar tiransifomar daga ƙaramin sautin. Haka kuma in ɗaya ya lalace, ko ka sayi manyan lasifiku, shi kaɗai za ka canza. Kamfanin Quad na Ingila ya yi suna da irin wannan tagwaye, 33 da 303, tun 1967.

Amma duk wanda ya taɓa shirya girkin biki ya san kuɗin da yake ci: itace biyu, tukwane biyu, da 'yan aike masu kai da kawowa, waɗanda a hannunsu miya ta fi zubewa. Akwati biyu na nufin tiransifoma biyu, soket biyu, da wayoyin haɗi da ƙurar hunturu ke shiga bakinsu har sauti ya riƙa yankewa. Gurnanin da aka gudu ma yakan dawo ta nan idan wayar ƙasa ta gidan ba ta da kyau, kuma gidajenmu da yawa ba su da ita sam. Ga wanda ke kan inbata ko ƙaramin janareto lokacin da Kaduna Electric ta ɗauke wuta, babbar fawa nauyi ce, don tana zuƙar wuta da yawa a lokacin kunnawa.

Ni dai ina ganin falon Hanwa girkin gida ne. A 1978 NAD ta fitar da haɗaɗɗiyar nan 3020, wat 20 kacal a kowane ɓangare, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihin kayan sauti. Ƙarfi ba ya biyan yadda ake zato: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai an ninka kusan sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku. Masallaci, makaranta da mai haya da kayan sautin biki, su ne ke da buƙatar miksa mai haɗa sautuka daban da fawa daban. Kai mai sauraron karatun Alƙur'ani da asuba da waƙar Shata da yamma, kuɗin akwati na biyu ya fi amfani a kan lasifiku masu kyau da sitabilaiza.

In ka shiga kasuwar Sabon Gari ko wajen masu kayan Kwatano, juya na'urar ka duba bayanta kafin gabanta ya ruɗe ka. Tsofaffin Sansui da Pioneer da Kenwood da aka ƙera don Japan bolt 100 suke ci, na Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce. Ba tare da tiransifomar rage wuta ba, kunnawa ɗaya ta isa ta ƙone su. Sannan ka nemi wadda ke da mafitar firi-amf a baya, kamar yadda 3020 ke da ita. Wannan ƙofa ce za ta ba ka damar ƙara fawa daban nan gaba, in iyali suka koma babban gida, ba tare da ka yar da ta farko ba.

Wanda ya riga ya mallaki biyun, ya kunna firi-amf tukuna, fawa daga baya, in zai kashe kuma ya fara da fawa. Idan aka ɗauke wuta, ya tashi ya kashe fawar nan take, domin in wuta ta dawo ta tarar da su duka a kunne, bugun da zai fita yana iya fasa lasifika.